Muhawara: Wai Bob Dylan mawaƙin talakawa ne?

Kawu Mai Faifai: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ke cina a rai, kuma yau sai na faɗa. Ranar 24 ga Mayun 2025 mawaƙin Amurka Bob Dylan ya cika shekara 84 a duniya. Na sa hotonsa a nan, na sa waƙarsa, babu wanda ya ce uffan. Amma da fim ɗin rayuwarsa ya fito ƙarshen 2024, har yaran da ba su taɓa jin muryarsa ba sai yabon ɗan wasan da ya fito a matsayinsa suke yi. Fim ɗin kuwa a 1965 ya tsaya, ranar da ya ɗauki jitar lantarki a taron mawaƙan gargajiya na Newport da ke Amurka. To ni maganata ita ce, duk wanda ya tsaya a 1965 bai san mutumin nan ba. Waƙoƙin tsufansa sun fi na ƙuruciyarsa. Ku nemi kundin Time Out of Mind na 1997, wanda ya fitar yana da shekara 56, lokacin da ake ganin tasa ta ƙare, sai ga shi ya ci kyautar Grammy ta kundin shekara. Ku nemi Rough and Rowdy Ways na 2020, yana da shekara 79. Tun 1988 yake yawon wasa gari-gari, ya hau dandali fiye da sau dubu uku, cutar korona ce ta zaunar da shi na wani lokaci. Sa'o'insa wasu sun mutu, wasu na ta maimaita abin da suka yi suna samari, shi kuwa sabo yake rubutawa. Wannan mawaƙin talakawa bai cancanci shirun da kuka yi masa ba.

Ɗan Fagge: Allah ya huci zuciyarka Kawu. Amma ai mutumin nan ya daɗe da mutuwa, tun 1981, ciwon daji ne ya yi ajalinsa.

Injiniya: Wancan Bob Marley ne na Jamaika, ya mutu a Mayun 1981 yana da shekara 36. Wannan Ba'amurke ne, yana nan da ransa. Ni abin da ya tsaya mini a maganar Kawu kalma ɗaya ce. Mawaƙin talakawa? Kawu, a Disambar 2020 mutumin nan ya sayar wa kamfanin Universal haƙƙin mallakar waƙoƙinsa sama da 600, jaridun Amurka suka ce cinikin ya kai dala miliyan 300 ko fiye. Bayan nan kamfanin Sony ya sayi faya-fayen da ya naɗa. Ya yi tallan motar Chrysler a 2014. A 2018 ya haɗa hannu da masu yin barasa suka fito da wiski, suka laƙaba masa sunan da aka ciro daga wata waƙarsa. Ina talaucin yake?

Ɗan Fagge: Ai shi ya sa hankalina ya tafi kan Marley. Da ka ce mawaƙin talakawa, shi kowa zai kawo a ransa. A unguwar Trenchtown ta birnin Kingston ya tashi, unguwar marasa galihu. Ranar bikin 'yancin Zimbabuwe a Afrilun 1980 shi ya je ya yi wasa, kuma da kuɗinsa ya yi jigilar kayan kiɗansa. Ka shiga garejin makanikai ko tashar mota ka duba hoton wa aka manna. Ni ban taɓa ganin hoton wannan Dylan ɗin a jikin Adaidaita ba.

Kawu Mai Faifai: Injiniya, ɗana, ban ce shi talaka ba ne. Cewa na yi mawaƙinsu ne. Bari in ba ku misali ɗaya. A Fabrairun 1963, a wani otal da ke birnin Baltimore, wani saurayi farar fata ɗan masu gonakin taba, William Zantzinger, ya bugi wata baƙar fata mai aikin raba abin sha da sanda, yana zaginta don ba ta kawo masa abin da ya nema da wuri ba. Sunanta Hattie Carroll, shekarunta 51, uwar 'ya'ya ce. Bayan 'yan sa'o'i ta mutu. Wata shida kacal kotu ta ɗaure shi. Dylan yana da shekara 22 ya mayar da labarin nan waƙa, ya kama sunan wanda ya yi dukan ƙarara, ya kama sunan matar. Yau fiye da shekara sittin ke nan, duniya ba ta manta da ita ba saboda waƙar nan. A shekarar dai ya je Greenwood a jihar Mississippi ya yi waƙa a taron yi wa baƙar fata rajistar zaɓe, ya kuma hau dandali a gangamin Washington na 28 ga Agusta, inda Martin Luther King ya yi jawabinsa a gaban mutum wajen dubu 250. Amma ba wannan na zo faɗa ba. Magana nake kan waƙoƙin tsufansa.

Injiniya: Duk abin da ka lissafa na 1963 ne, Kawu. Kai da bakinka ka ce kada a tsaya a can.

Maman Iman: Ni dai Kawu ka yi haƙuri, na gwada saurarensa saboda kai, na kasa. Muryar kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa. Akwai wata waƙar soyayya da Adele ta yi da nake matuƙar so, Make You Feel My Love, daga baya aka ce mini tasa ce. Da na ji tasa sai na koma wa ta Adele. Rubutu kam ya iya, amma da ya riƙa ba masu murya suna rerawa.

Kawu Mai Faifai: Madalla 'yata, waƙar nan da kika ambata ai a cikin kundin 1997 take, wanda nake magana a kansa. Kin ga ke ma kin shaida.

Malam Na Zariya: Salamu alaikum. Na ga ana ta ja-in-ja ba tare da an tsaya an fahimci kalmar ba. A Hausa talaka daban, matalauci daban. Matalauci shi ne wanda ba shi da abin hannu. Talaka kuwa shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta kuma ba jinin sarauta ba ne. Attajirin da ya fi kowa kuɗi a Kantin Kwari, in ya je gaban Sarki, talaka ne, kuma Sarki zai ce da shi talakana ba tare da an ga laifi ba. Saboda haka miliyoyin da Injiniya ya lissafa ba su fitar da Dylan daga cikin talakawa ba. Bai taɓa riƙe muƙami ba, bai taɓa tsayawa takara ba.

Jikan Sawaba: Malam, da girmanka, wannan ma'anar littafi ce. Tun ranar da aka kafa NEPU a Kano cikin Agustan 1950 kalmar nan ta sake riga. Da Malam Aminu ya ce talakawa, ba masu kantuna a Kwari yake nufi ba. Yana nufin wanda ake ƙwace wa amfanin gona da sunan haraji, wanda ake sa wa aikin tilas, wanda ɗan doka ke duka. Mawaƙin talakawa shi ne irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, waɗanda suka sa kansu a gaba a lokacin da waƙa ɗaya kan iya kai mutum gidan yari.

Malam Na Zariya: Jam'iyya ba ta sauya ma'anar kalma, ɗana. Ta ara ne ta yi siyasa da ita.

Jikan Sawaba: To ai masu harshe ne suka karɓa, Malam. Ka fita titi ka ce da mai tura baro wai Ɗangote talaka ne ka ji amsar da zai ba ka.

Injiniya: Kuma in aka bi ma'anar Malam, ai duk Amurka talakawa ne, tunda ba su da sarki. Har masu bankuna.

Malam Na Zariya: Suna da gidajen mulki. Gidan Kennedy fa? Gidan Bush fa, uba da ɗa? Sarauta ba sai da rawani ba.

Anti Malama: Ku tsaya. Akwai hanya uku da za a fahimci maganar Kawu: mawaƙin da ya fito daga cikin talakawa, ko wanda ke waƙa a kansu, ko wanda su suke saurare. Ta farko ba ta hau kansa ba. Sunansa na yanka Robert Zimmerman, an haife shi a Duluth a 1941, ya tashi a Hibbing, garin masu haƙar tama a arewacin jihar Minnesota. Mahaifinsa da 'yan uwansa suna da kantin kayan lantarki da kayan ɗaki. Ba attajirai ba ne, amma yaro bai taɓa kwana da yunwa ba, har jami'a aka sa shi a 1959, shi ya bari da kansa. Da ya isa New York a farkon 1961 sai ya riƙa ce wa mutane shi maraya ne, ya tashi yana bin 'yan wasan yawo a kudu maso yammacin ƙasar. Mujallar Newsweek ce ta tona a 1963 cewa iyayensa na nan lafiya lau. Mawaƙi Woody Guthrie yake kwaikwayo, mutumin Oklahoma da ya yi yawo da manoman da fari da guguwar ƙura suka kora daga gonakinsu. Shi Guthrie ya sha wahalar da gaske. Amma ta biyun kam ta hau kansa, kada a yi masa rashin adalci. Yana da waƙar da ya sa a bakin matar wani mai haƙar tama bayan an rufe mahaƙa gari ya mutu, kuma wannan abu ne da ya gani da idonsa a yankinsu.

Ɗan Fagge: Ashe ma da ƙarya ya fara. Maraya na gaske ai Ɗan Maraya Jos ne, Allah ya jiƙansa. Da kuntiginsa kaɗai ya yi wa karen mota waƙa, yaron da kowa ke rainawa a tasha. Wannan shi ne mawaƙin talakawa, ba sai an je wata Minnesota ba.

Kawu Mai Faifai: Yanzu kuma ka bar Marley?

Ɗan Fagge: Duka biyun sun fi naka, Kawu.

Jikan Sawaba: Anti, ko ta biyun ma da gyara. Tun 1964 ya fara janye jiki daga waƙar gwagwarmaya. Da yaƙin Biyetnam ya yi zafi ba a gan shi a gaban zanga-zanga ba. Mawaƙiya Joan Baez, wadda ta riƙa jawo shi kan dandalinta lokacin da ita ta fi shi suna, ita aka kama aka tsare a 1967 saboda tare ƙofar ofishin ɗaukar soja a Oakland. Shi kansa a littafin tarihin rayuwarsa na 2004 ya nuna ba ya son a ce shi kakakin kowa ne. Mutum ya ce ba ya so, ku kun dage sai kun naɗa masa.

Kawu Mai Faifai: To Rubin Carter fa? Ɗan dambe baƙar fata da aka ɗaure kan kisan mutum uku a garin Paterson na jihar New Jersey. Dylan ya karanta littafinsa, ya je har gidan yari ya gan shi, ya yi masa waƙar Hurricane a 1975, ya shirya wasan tara masa kuɗi a Madison Square Garden, har Muhammad Ali ya halarta. A 1985 alƙalin tarayya ya soke hukuncin, Carter ya fito. Wannan shekara goma ne bayan janyewar da kake faɗa.

Jikan Sawaba: Waƙa ɗaya a shekara goma.

Anti Malama: Biyu. Ya yi wa George Jackson, wani fursuna baƙar fata ɗan gwagwarmaya, ma a 1971, bayan an harbe shi a gidan yarin San Quentin.

Ɗan Damagaram: Ni daga Nijar nake, ku bar ni in faɗi nawa. Duk wanda ya ga farin 1984 a ƙasarmu ba zai manta ba, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. A Habasha abin ya fi muni. Ranar 13 ga Yulin 1985 aka yi gagarumin wasan Live Aid a Landan da Filadelfiya don tara wa masu yunwa kuɗi. Dylan ya hau dandali a Filadelfiya, duniya na kallo, sai ya ce yana fata a ɗebi miliyan ɗaya ko biyu daga kuɗin a biya wa manoman Amurka bashin da bankuna ke bin gonakinsu. Yara na mutuwa a Habasha, shi manomin da ke da tarakta yake tunawa. Bob Geldof da ya shirya wasan bai ji daɗin maganar ba, ya kuma soke ta daga baya. Saboda haka Alhaji Mai Faifai, in mawaƙin talakawa ne, to na ƙasarsu ne. Mu ba mu ciki.

Kawu Mai Faifai: Ɗan uwa, Allah ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan shekara. Amma ka faɗi rabi ka bar rabi. A shekarun nan dubban manoman Amurka na rasa gonakin da suka gada saboda bashi. Maganar tasa ce ta sa mawaƙa Willie Nelson da Neil Young da John Mellencamp suka kafa Farm Aid, wasan tara wa manoma kuɗi, a Satumbar 1985, kuma har yau ana yi. Sannan a shekarar nan dai muryarsa na cikin We Are the World da aka yi don Afirka, tana kuma cikin waƙar Sun City ta ƙin jinin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu.

Ɗan Damagaram: Ban musa ba, Alhaji. Amma kowace magana da wurinta. Ba a zuwa gidan makoki a kai kukan bashi.

Abu Huzaifa: Ni mamaki nake yadda aka kai nan ba wanda ya faɗi cewa Bayahude ne. A 1983 ya yi waƙar Neighborhood Bully yana kare Isra'ila, shekara ɗaya bayan mamayar Lebanon. Ya je can ya yi wasa a 2011. Falasɗinawa ba talakawa ba ne? Ga tallan kamfanin kayan ciki na mata da ya fito a ciki a 2004, tsoho da shi. Wannan ne za mu ɓata lokaci a kansa?

Anti Malama: Malam Abu Huzaifa, waƙar 1983 ɗin nan ni ma ba na sonta, kuma ka yi daidai da ka kawo ta. Amma ka soki waƙar, ka bar haihuwarsa. Mutum ba ya zaɓen gidan da za a haife shi. Matasa uku da aka kashe a Mississippi a 1964 saboda suna yi wa baƙar fata rajistar zaɓe, biyu daga cikinsu, Andrew Goodman da Michael Schwerner, Yahudawa ne.

Abu Huzaifa: Na ji an ce ma ya bar addinin nasu ya shiga Kiristanci.

Injiniya: Ya yi kundi uku na waƙoƙin bishara daga 1979 zuwa 1981. Masoyansa da yawa suka juya masa baya a lokacin.

Ɗan Fagge: Kai dai Injiniya komai sai ka nuna ka sani. Tun ɗazu ka gwale ni a gaban mutane kan sunan Bob, alhali kana iya yi mini magana a gefe. Haka ka yi mini ranar maganar gudummawar bikin nan.

Injiniya: Ɗan Fagge, a fili ka kashe mai rai, a fili na gyara. Maganar gudummawa kuma a bar ta, don in aka buɗe lissafin ba za ka ji daɗi ba.

Ɗan Fagge: Buɗe mana. Wa ya hana ka?

Magajin Zaure: Ku dakata haka nan. Maganar gudummawa ba ta nan ba ce, duk wanda ya sake tayar da ita zan cire saƙonsa. Tunda kuma an taɓo Dylan, ni abin da ban yafe ba shi ne kyautar Nobel ta adabi da aka ba shi a Oktobar 2016. A shekarar nan sunan marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o na cikin waɗanda ake sa wa rai. Ga shi ya rasu ranar 28 ga Mayun 2025 ba a ba shi ba, kamar yadda Achebe ya rasu a 2013 ba a ba shi ba. In ana neman marubucin talakawa, ga shi nan. A 1977 manoma da leburorin ƙauyen Kamiriithu ne da kansu suka yi wasan kwaikwayon da ya rubuta shi da abokinsa da harshen Gikuyu. Gwamnatin Kenya ta tsare shi kusan shekara guda ba shari'a, a kurkukun ya rubuta littafi a kan takardar bayan gida. Shi kuwa wanda aka ba, sai ya yi kusan mako biyu bai ce komai ba, har wani ɗan kwamitin na Suwidin ya kira shirun rashin ladabi da girman kai. Bai je bikin Disamba ba, mawaƙiya Patti Smith ce ta je ta rera waƙarsa. Jawabin da ake bukata kafin a saki kuɗin, kurona miliyan 8 na kuɗin Suwidin, sai a Yunin 2017 ya naɗo ya aika, ana dab da cikar wa'adi.

Malam Na Zariya: Magaji, ka ba ni mamaki. Rashin ba Ngugi zalunci ne, na yarda. Amma in hujjarka ita ce waƙa ba adabi ba ce, to ka rushe rabin abin da muke koyarwa. Adabin baka fa? Narambaɗa bai rubuta baiti ko ɗaya ba, amma wa zai ce ba adabi ya bari ba? Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988 saboda waƙa. Shi kansa Ngugi yana cikin waɗanda suka fi dagewa a daraja adabin baka. Kuma Tagore na Indiya da aka ba a 1913, ai mawaƙi ne, waƙarsa ce taken ƙasar Indiya, wata kuma ta Bangaladash.

Magajin Zaure: Tagore littafi aka karanta aka ba shi, Malam. Mawaƙa suna da Grammy, Dylan ya ci da dama, ya ci Oscar a 2001, Obama ya rataya masa lambar yabo a 2012. Marubuci kuwa wannan ɗaya ce tasa. Sannan har zarginsa aka yi da ɗebo wasu jimlolin jawabin nasa daga taƙaitaccen bayanin littafi da ake yi wa ɗalibai a intanet.

Anti Malama: Ara a waƙar gargajiya tsohon abu ne. Karin waƙarsa da ta fi shahara, Blowin' in the Wind, daga wata tsohuwar waƙar bayi baƙar fata ya samo shi, kuma bai ɓoye ba. Waƙar ce kuma ta zaburar da mawaƙi baƙar fata Sam Cooke ya yi tasa ta neman 'yanci a 1964.

Jikan Sawaba: To kun gani. Karin na bayi, miliyoyin nasa.

Injiniya: Akwai ma na 2022. An sayar da kwafi 900 na sabon littafinsa a kan dala 600 kowanne, da sunan shi ya sa hannu a kai. Masu saye suka gwada hotuna suka gano inji ne ya sa hannun. Ya fito ya ba da haƙuri, ya ce jiri yake fama da shi, aka mayar wa mutane kuɗinsu. Wane talaka ne ke sayen littafin dala 600?

Malam Na Zariya: Ka sake komawa kan kuɗi. Na riga na ce maka talaka ba matalauci ba ne.

Kawu Mai Faifai: An bar jaki ana dukan taiki. Cikinku wa ya buɗe kundin da na ambata ya saurara? A na 1997 akwai Not Dark Yet, waƙar mutumin da ya gaji, ya ji a jikinsa tafiya ta matso, ba ya kuka kuma ba ya cika baki. Yaro ɗan shekara 22 ba zai iya rera ta ba, kuma muryar nan da Maman Iman ke ƙorafi a kanta ita ce ta dace da ita. A na 2020 akwai Murder Most Foul, kusan minti 17, fiyano da goge da ganga a hankali. Ta fara da harbin shugaban Amurka Kennedy a Dallas a Nuwambar 1963, can sai ta juya ta zama roƙo ga wani mai gabatar da shiri a rediyo, a sa masa wannan waƙa, a sa masa waccan, sunayen mawaƙa da makaɗan Amurka bi da bi, kamar mai kiran jama'a zaman makoki. A cikin kullen korona ya sake ta. Kuma in ka je wasansa yau, tsofaffin waƙoƙin ma sauya musu kari yake yi, wani lokaci sai an yi nisa kafin ka gane wacce ce. Tun da wani ya kira shi maci amana a zauren wasa na Manchesta a 1966 saboda jitar lantarki, bai taɓa tsayawa inda masoya ke so ya tsaya ba. A kan wannan na nemi ra'ayinku.

Maman Iman: Minti 17 Kawu? Ina da yara.

Ɗan Fagge: Injiniya ina jiran lissafin.

Magajin Zaure: Dare ya yi, zan rufe wannan muhawara. Ga abin da aka tattauna. Kawu Mai Faifai ya kawo ƙorafi cewa ba a kula Bob Dylan a zauren nan, ya kuma kira shi mawaƙin talakawa. Mafi yawan waɗanda suka yi magana ba su amince da laƙabin ba. An nuna cewa ɗan masu kanti ne da ya yi ƙaryar maraici, cewa dukiyarsa ta kai ɗaruruwan miliyoyin daloli, kuma a ranar da ake tara wa masu yunwa a Afirka kuɗi hankalinsa na kan manoman ƙasarsu. An yarda ya yi wasu waƙoƙin kare baƙar fata yana saurayi. An ɗan taɓa ma'anar kalmar talaka. Babban abin da ya fito fili shi ne kyautar Nobel ta 2016 ba ta je inda ya kamata ba, domin har Malam Na Zariya ya amsa cewa an zalunci Ngugi, wanda shi ne ya cika kowane sharaɗi na marubucin talakawa. Ina ba da shawara makon gobe mu keɓe shi don rayuwar Ngugi da ayyukansa. Mun gode wa kowa.

Malam Na Zariya: Magaji, ka ɗauki rabin jimlata ka yar da sauran. Na ce an zalunci Ngugi, ban ce Dylan bai cancanta ba. Maganar adabin baka da Shata ba ka sa ko kalma ɗaya ba. Kuma ba a "ɗan taɓa" ma'anar talaka ba, na yi bayani, babu wanda ya kawo hujjar da ta rushe shi.

Jikan Sawaba: Na kawo, Malam. NEPU.

Anti Malama: Rubin Carter ma ya ɓace a taƙaitawar. A 1975 Dylan na da shekara 34, ba saurayi ba ne.

Magajin Zaure: An rufe. Mai ƙorafi ya same ni a gefe.